Filin da Na Ce Ba na Kowa Ba Ne

Ni ce na ce filin ba na kowa ba ne. Gara in fara da wannan, domin a gidanmu an san halina, idan aka bar ni da labari sai na zagaya da shi ta Kaduna kafin in iso inda zan je.

Shekarata goma sha biyar a lokacin. Unguwarmu tana can bayan Karu, daidai inda kwalta take ƙarewa, 'yan acaɓa su fara ɓata rai. Babana Bakatsine ne, yana da shagon kayan masarufi a kasuwa. Transifomar unguwar ta ƙone tun ina aji ɗaya a sakandare, har tsuntsaye suka yi sheƙa a cikinta, suka yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi aure suka tare a nan. Duk mai hali ya sayi janareta. Ƙanena da aka haifa a wannan tsakanin, idan janaretan maƙwabta ya mutu sai ya farka yana kuka, don bai taɓa jin shiru ba.

A tsakiyar unguwar akwai fili guda, bai kai rabin filin ƙwallo ba, da bishiyar yazawa a gefe. A nan Mama mai itace take jera itacenta. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, kuma ta riga kowa zama a wurin. Gidajenmu duka a hannun dangin mijinta aka sayi filayensu, su kuma suka tattara suka koma wajen Sheda suna noma. Ita kaɗai ta rage, a wani ɗaki ɗaya a bakin filin. Ba ta ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa take ɗora itace, damin da zai durƙusar da jaki, ta taho da shi daga daji ba ta ko nishi.

Tarin itacenta kullum yana raguwa yana ƙaruwa, ban da guda ɗaya. Wanda ke ƙarƙashin yazawar ba ta taɓa sayar da ko sanda ɗaya daga cikinsa ba. Ya tsufa ya yi toka-toka, idan gara ta ci na ƙasa sai ta kawo sabo ta ɗora a sama. Ni kuma wannan tarin shi ne tsanina na hawa bishiya. Ranar da ta kama ni a kai, ta riƙe kunnena tun daga filin har shagon Baba, ta ratsa da ni layin masu tumatir da layin masu kifi, tana cewa, “Wannan yarinya naka ba ya jin magana.” Har yau ina ganin kunnen hagun nan ya fi na dama tsawo. Na riƙe ta a zuciya.

Farkon damina wata farar mota ta shigo unguwar tana tangaɗi a cikin ramuka. Mace ce ta fito, Bahaushiya, da tabarau da abaya da takalmin gudu, tana rungume da kwamfutar hannu. Mun sa mata suna Antin sola. Ofishinsu yana Maitama, inda na ji an ce har karnuka suna kwana a ɗaki mai sanyi. Ba ita ce mai kafa sola ba, ba ita ce mai jan waya ba. Aikinta ba da shawara: ta zagaya, ta tambaya, ta rubuta rahoto, masu ba da tallafi su karanta su yanke ko unguwa ta cancanci wutar rana. Na ce a raina wannan aikin nake so, tunda ni ma ba da shawara nake yi tun ina ƙarama, ba a taɓa gode mini ba.

Da ta iso ƙofarmu Umma ta tafi awon ciki, Baba yana kasuwa, ni kaɗai ce da ƙanena. Ta tambayi mu nawa ne a gidan, da me muke girki, wace ƙabila ce mu. Ta bayyana mini cewa masu tallafin ba sa sakin aiki sai sun tabbata kowace ƙabila ta sami rabonta, Hausawa da Igbo da Tibi, musamman 'yan asalin wuri, waɗanda aka saba mantawa da su. Ni kuwa na samu mai saurare. Na ce mata hayaƙin girkinmu har jiragen sama yake ɓatar wa hanya. Na ce sauron unguwarmu ya kai tantabara, idan ya ciji mutum sai ya goge baki da labule. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Dariyar nan ce ta ja ni, domin ni idan aka yi mini dariya sau ɗaya, ba ni da birki.

Sai ta juya ta nuna filin. Ta ce farantan sola suna buƙatar wuri a buɗe, inda rana take sauka sosai.

“Wancan filin fa, ƙanwata, na waye?”

“Ba na kowa ba ne, Anti,” na ce. “Haka muka gan shi. Haka Abuja ma ta zo ta same shi.”

Ta tambayi itacen da ke kai. Na ce wata tsohuwa ce kawai take zubarwa a wurin don ba mai hana ta. Ina faɗa ina shafa kunnena na hagu. Anti ta sa yatsa a kan taswirar da ke kwamfutarta, ta zagaye filin da koren layi, ta rubuta wata kalma a tsakiya. Abin bai ɗauki lokacin haɗiye yawu ba.

Bayan mako guda aka zo da wani ɗan jirgi marar matuƙi, mai kuka kamar ƙudan zuma. Ya tsaya cak a saman filin, yana kallon ƙasa. Kaji suka gudu ƙarƙashin motoci. Mama mai itace tana tsaye da dami a kafaɗa, ta ɗaga kai tana kallonsa, ba ta sauke damin ba har ya tafi. Washegari wasu maza biyu suka kafa turaku a kusurwoyi huɗu na filin, suka shafa wa kawunansu jan fenti. Duk wanda ya tashi a gefen Abuja ya san jan fenti, shi ake shafa wa gidan da za a rushe. Ko a farcen amarya muka gan shi sai mun sake dubawa. Amma wannan karon mutane murna suke yi. Mai shagon aski ya fara lissafin inda zai rataye talabijin.

An yi taro a makarantar firamare. Sanarwar ta waya aka tura, a rukunin 'yan unguwa, Mama kuwa ba ta da waya, kuma ranar ta tafi daji tun da safe. Anti ta jera kujeru huɗu a gaba, ɗaya ga kowace ƙabila. Sarkin Hausawan unguwa ya zauna, shugaban Igbo ya zauna, na Tibi ya zauna. Kujerar 'yan asalin wuri kuma aka ɗauko wani ɗan ƙanen mijin Mama daga gari, sanye da kwat, mutumin da ban taɓa ganin ya kwana a unguwar ba. Ya ce shi ba shi da ja, ci gaba ai abin so ne. Anti ta matsa sai mata sun yi magana, suka yi, a kan injin niƙa da firjin ƙanƙara. Daga nan ta haska taswirar a bango, koren layina ya fito ƙato kamar maciji.

Sau uku ta tambaya ko akwai mai magana a kan filin. Ina leƙe ta taga. Ban taɓa ganin manyan mutane da yawa haka suna sha'awar takalmansu a lokaci ɗaya ba. Babana ya duƙar da kai yana jan carbi. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Aka ba Mama mako biyu ta kwashe itacenta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Matar da take iya jin motsin ƙafata daga bayan masallaci, yanzu sai na hau yazawar a gabanta na cika siket, ba ta ko ɗaga ido ba. Ta kwashe tari ɗaya bayan ɗaya, ta jingine su a bangon ɗakinta, har filin ya yi fayau kamar kan da aka aske. Tsohon tarin nan kaɗai ta bari. Ta ɗauko kujerar tsuguno ta zauna kusa da shi, daga safe har la'asar, kullum.

Saura kwana uku, da yamma, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya. Ina wucewa da robar manja sai ta kira ni.

“Kai, yarinya. Zo ka kama mini.”

Na ɗauka kunnen dama take so ta daidaita da na hagu. Amma itacen take ɗagawa daga gefe ɗaya, wai tana so ta gyara ƙasan kafin ruwa. Muka ɗauke sanda bayan sanda. Na ƙasa sun ruɓe, suna marmashewa a hannu. Da muka kai ƙasa sai ga duwatsu a jere, an zagaye wuri da su, dogo kamar tabarma. Kusa da shi akwai wani ƙarami. A kan kowanne an kife tsohuwar tukunya.

“Maigidana ne,” ta ce. Ta nuna ƙaramin. “Wannan yarona.”

Ta gaya mini a nan ɗakinsu na farko yake, kuma su a gida suke binne nasu, ba sa kai su nesa. Ɗakin ya faɗi wata damina. Da dangi suka sayar da sauran filayen ta ce wannan ba za a taɓa ba, amma ba ta da takarda, domin lokacin da aka binne mijinta ba a san ƙasa tana da takarda ba. Shi ya sa ta tara itace a kai. Ta ce a garin nan idan ƙasa ta zauna tsirara, wani zai wuce a mota ya gan ta. Ta ce ta ji wani ne ya gaya wa matar farar mota wurin ba mai shi, ba ta san ko waye ba, amma Allah ya sani. Sannan ta ciro yazawa biyu daga ƙullin zaninta ta ba ni, ladan taimako.

Ban iya ci ba. Na riƙe su har gida, suka jiƙe mini hannu.

Na sami Umma a kicin na gaya mata, ina jira ta saki ludayi. Ba ta saki ba. Ta ci gaba da juya miya, ta ce in jira Babana. Da ya dawo bayan magariba na faɗa masa komai, har da abin da na ce wa Anti. Ya ce ya sani. Ya ce kowa ya sani, shi da kansa ya je gaisuwa lokacin da yaron ya rasu.

“To Baba, me ya sa ba ku faɗa ba a taron?”

“Mu ba mu ce filin ba na kowa ba ne,” ya ce. “Ke kika ce. Mu shiru muka yi.”

Ya ce idan aka taɓa rahoton yanzu, aikin zai iya komawa wata unguwa, akwai da yawa a layi. Ya tuna mini ɗakin shan magani na unguwa, inda ake karɓar haihuwa da fitilar waya, ya nuna cikin Umma da haɓa. Ya ce matattu ba sa jin nauyin ƙarfe. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. A ƙarshe ya ce bakin nan nawa ya yi wa mutane amfani sau ɗaya tun da aka haife ni, kada in ɓata.

Kwana biyun da suka rage na yi su kamar wadda ta haɗiyi dutse. Ƙawayena suka ce ko aljani ya shafe ni, don ba su taɓa ganin na wuni ban tsokani kowa ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, muka ji ƙarar katafila tun daga bakin kwalta. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Farar motar tana biye da ita. Unguwa duka ta fito, yara suna bin katafilar da ihu. Mama tana kan kujerarta kusa da tarin, ta ɗaura sabon zani, wanda ban taɓa ganin ta sa ba. Direban katafilar ya leƙo ya ce wa wani, “Oga, a ce wa tsohuwa ta matsa.”

Na ratsa mutane na je wurin Anti. Ina jin idon Baba a ƙeyata. Na ce mata akwai kabari a ƙarƙashin itacen, guda biyu. Ta dube ni ta saman tabarau, sai ta yi murmushi.

“Ke ce mai sauro kamar tantabara, ko? Yau kuma kaburbura ne?”

Mutanen da ke kusa suka yi dariya, wasu har da ƙarfi fiye da yadda abin ya kamata. Wani ya ce ai yarinyar nan haka take, ko ruwan sama ta ce ana yi sai ka leƙa waje. Gaskiya ya faɗa. Na tsaya a wurin, karo na farko a rayuwata da na faɗi magana daidai tsawonta, ba ƙari, kuma ba mai saye.

Sai na daina magana. Na je wurin tarin na fara jan itace ina jefarwa gefe. Na dubi Mama ko za ta hana ni, domin ba ta taɓa buɗe wurin a gaban taro ba. Ta kawar da kai kawai. Wata sanda ta yanke ni a tafin hannu, ban tsaya ba. Dariyar ta mutu a hankali. Da duwatsun suka bayyana, da tukwanen nan biyu, direban ya kashe katafilar da kansa, ba wanda ya ce masa. Shirun da ya sauka, ƙanena ya fashe da kuka a bayan Umma.

Anti ta matso ta daɗe tana kallo. Na ji tana salati a hankali. Ta tsuguna a gaban Mama, abayarta a cikin taɓo, ta gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa, ta tambaye ta su waye. Mama ta faɗa. Anti ta miƙe ta juya wajen mazan da suka zauna a kujeru huɗun nan, ta ce sau uku ta tambaya. Sarkin Hausawa ya ce wallahi abin ne ya shige musu. Takalma suka sake samun masu kallo.

Aikin bai koma wata unguwa ba, amma ya ƙanƙance. Aka ɗora farantan a rufin makaranta da na ɗakin shan magani, iya abin da rufin zai ɗauka. Umma ta haihu a ƙarƙashin ƙwan lantarki, wannan kam na gode wa Allah. Layuka biyu na kusa da makaranta suka sami wuta. Namu bai samu ba, haka na mai aski. Har yau idan na wuce shagonsa sai ya kashe rediyo ya bi ni da ido. Baba ya yi mako uku ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Mama ta gane ni ce na ce wa Anti filin ba na kowa ba ne, ban san wanda ya gaya mata ba. Ranar da na je na tsaya ina murza yatsu ina neman ta inda zan fara, sai ta nuna mini dami ta ce in kai bayan ɗaki. Na kai hannu zan ɗora a ka, ta buge hannun, ta nuna kafaɗa.

Zuwan Anti na ƙarshe, ta kira ni gefen mota. Ta ce laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, ita ce ta ɗauki maganar mutum ɗaya ta zana layi, kuma ta cika kujera huɗu ta ɗauka ta ji kowa. Ta ce ta gyara rahoton. Sai ta shiga wasa da makullin mota. Ta ce amma taswirar farko ta riga ta fita tun kafin taron, an tura ta wurare da dama don neman izini, an buga, an raba, kuma a kanta an rubuta fili ne da ba kowa. Ta aika gyara ga duk wanda ta sani. Waɗanda ba ta sani ba, ba ta san hannun da takardar ta faɗa ba.

Shekara biyu ke nan. Turaku uku yara sun tuge sun yi wasa da su. Na huɗun yana nan a kusurwar gabas, ya shige ƙasa sosai, na gwada da hannu, na gwada da taɓarya, ya ƙi. Fentin kansa bai koɗe ba.

A bana wata baƙar mota mai duhun gilashi ta zo sau biyu. Karon farko ba wanda ya fito, ta tsaya injinta na aiki, ta juya. Karo na biyu maza biyu suka sauko, ɗaya da babbar riga, ɗaya da takarda a hannu. Suka taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna ƙirga taku. Mama ta tafi daji, ni ce a wurin ina jera itace, domin yanzu ranar Asabar tare muke yi, kuma tarin ƙarƙashin yazawar ya ninka, mun shimfiɗa wasu har tsakiyar fili. Mai takardar ya matso. Tun daga nesa na hango koren layin.

“'Yammata, filin nan na waye?”

Na ce na Mama ne, mijinta da ɗanta suna kwance a ƙarƙashin wancan itacen, kuma kowa a unguwar nan ya sani. Na faɗa a hankali, ban ƙara ko gishiri ba.

Ya dubi tarin, ya dubi takardarsa, ya ce ba haka aka rubuta a nan ba. Ya ciro biro ya yi wata 'yar alama a gefe. Mai babbar rigar ya taka turken da ƙafa, ya ji yana nan daram, ya gyaɗa kai. Suka shiga mota.

Da Mama ta dawo na gaya mata tun kafin ta sauke damin. Ta tsaya da shi a kafaɗa tana kallon sawun tayar a cikin laka. Ta ce gobe za mu fita neman itace da wuri, akwai wuraren da har yanzu ƙasa take a buɗe.